Kazar roba: abin da na gani a injin ƙyanƙyasa bayan zubi shida

Ranar da ƙanina ya sauke kwalin daga bayan babur, Inna, mahaifiyar maigidana, tana zaune a gindin darbejiya tana tsinke zogale. Ta ajiye faifan ta zo ta tsaya a kanmu har muka gama kwance igiya. Ta ƙwanƙwasa murfin da yatsa, ta sunkuya ta leƙa ciki, sannan ta ɗago ta ce, "To ina fukafukan?" Kowa ya fashe da dariya. Ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa jin roba ta yi kwanci ba, amma tunda abin na zamani ne, Allah ya sa a dace. Tun daga ranar injin ya samu suna a gidanmu: kazar roba.

Wata 14 ke nan yana hannuna. Na zuba masa ƙwai sau shida, na bakwai yana ciki yanzu haka. Mata da dama, musamman abokan aikina a firamaren da nake koyarwa a nan yankin Ringim, suna ta tambayata ko su saya. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a WhatsApp, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da idona ya gani.

Lissafi ne ya kai ni saye. Kazar Hausa takan saka ƙwai goma zuwa sha biyar, ta kwanta a kai kwana 21, sannan ta yi wajen wata biyu tana yawo da 'ya'ya kafin ta yaye su ta koma saka. Da ƙyar take zagayowa sau uku a shekara. A cikin 'yan tsakin ma shirwa ta ɗauki rabonta, muzuru ya ɗauki nasa, sanyi ya kwashe saura. Na ce idan inji zai karɓi kwancin, kaji su ci gaba da saka, ai an rage hanya. Da na ɗauki adashi sai na tura wa ƙanina da ke karatu a Kano kuɗin, ya shiga kasuwa. A lokacin kuɗin injin kaɗai ya kai na uwar akuya.

Ƙirar ƙasar Sin ne, mai cin ƙwai 64, girmansa kamar ƙaramin akwatin kaya. Ƙasansa roba ce ruwan ɗorawa, murfin kuma garai yake, kina hango ƙwan ba sai kin buɗe ba. A jikin murfin akwai fanka, da wayar da ke ba da zafi, da ɗan allo mai nuna lambobi uku: zafi, danshi, da kwanakin da ƙwai ya yi. A ƙasa akwai sandunan roba a jere, a kansu ake kwantar da ƙwan, duk bayan awa biyu su motsa su mirgina shi. Ƙarƙashinsu kuma kwararo ne na zuba ruwa. Wayarsa biyu, ɗaya ta soket, ɗaya mai baki irin na kada da ake maƙalawa a batir mai bolt 12. Saboda ta biyun na zaɓe shi, domin wutar lantarki a garinmu baƙuwa ce, in ta zo ko ruwa ba ta sha take komawa.

Mai shagon ya karɓi wayar ƙanina ya ce min, "Hajiya, wannan ba ruwanki da wahala. Ki zuba ƙwai, ki zuba ruwa, ki je ki yi barcinki. Kwana 21 ki zo da kwando ki kwashi tsaki." Ban riƙe shi a rai ba, ɗan kasuwa ne yana tallan hajarsa. Amma duk wadda za ta saya, ta cire wannan magana daga kanta tun yanzu.

Zubin farko laifina ne, ba na inji ba. Ɗoki ya hana ni jira. Ranar kasuwa na aika aka tattaro min ƙwai 60 daga hannun mutane daban-daban, aka ɗauro su a bayan babur a hanyarmu mai gargada, na jera su a daren. A ciki har da manya-manyan nan jajaye na gidan gona, ina murna za su ba ni manyan tsaki. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Kajin gidan gona masu ƙwai ba a haɗa su da zakara, ƙwansu ko shekara ya yi a inji babu abin da zai fito. Sauran kuma ban san kwanansu nawa a duniya ba. Tsaki 11 na samu. A kwana na 16 wani baragurbi ya fashe a ciki, sai da muka kwana biyu muna turara ɗakin. Inna ba ta ce uffan ba, ta dai wuce ta ƙofar tana toshe hanci da gefen mayafi. Da ta yi magana ma da ya fi min sauƙi.

Wani malamin dabbobi da ya zo duba awakin maigida ne ya zaunar da ni ya yi min karatun ƙwai. Wanda za a zuba kada ya wuce kwana bakwai da sakawa, in ya yi nisa goma. Zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma, in sun fi haka wasu ba zai kai gare su ba. Ba a wanke ƙwan, domin akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa yana tafiya da shi. Wanda ya ɓaci da kashi sosai a soya wa yara. Mai tsaga, da ƙato fiye da kima, da ɗan mitsitsi, duk a ware su. A jera a kiret tsinin yana kallon ƙasa, a ajiye a wuri mai sanyi. Wuri mai sanyi a ƙauyen Jigawa kuwa ai sai gindin randa. Can nake ajiye nawa, a kan bulo don kada ruwa ya taɓa su, kullum in sauya gefen da na tokare kiret ɗin.

A nan ne wani lissafi da ban yi ba ya ɓullo. Kafin ki cika gurbi 64 da ƙwan da bai wuce mako ba, sai kina da kaji wajen 15 da ke saka a lokaci guda. Kajina tara ne, kuma ba sa haɗa baki su fara rana ɗaya. Ba a kuma son ki riƙa ƙarawa yau biyar jibi bakwai, domin kwana ukun ƙarshe suna da nasu tsarin daban, na baya za su cutu. Da na san haka da ƙarami na saya. Mafitata ita ce maƙwabta. Kowace ta kawo nata, in yi alamar gidanta da fensir a jikin ɓawon, in an ƙyanƙyashe in ɗauki tsako ɗaya a cikin biyar. Da yake tsaki suna fitowa sai su cakuɗe, ɓawon da suka bari shi ne shaida: a ƙirga fasassun ɓawo masu alamarki, a ba ki tsaki daidai adadin. Rigima ɗaya ce ba ta ƙarewa, kowa ƙaton take so.

Abin da ya fara sassauta Inna shi ne haskawa. A daren kwana na bakwai na zubi na biyu na kashe fitila, na naɗe tafin hannuna a kan tocilar waya, na ɗora ƙwai ta wajen gindinsa mai faɗi. Injin yana da tasa 'yar fitilar haskawa a murfi, amma ba ta da ƙarfi, ta waya ta fi ta. Na leƙa tsakar gida na ce, "Inna, don Allah zo ki ga wani abu." Ta shigo tana laluben bango. Ƙwan ya yi ja kamar garwashi, jijiyoyin jini sun bazu a ciki kamar saƙar gizo-gizo, a tsakiya ga wani baƙin ɗigo, idon ke nan. Muna kallo sai abin ya yi wani ɗan zillo, ya nutse ya sake tasowa. Inna ta ja da baya tana salati. Ta ce, "Sake haska min." Na sake. Ta daɗe shiru, sannan ta ce shekararta fiye da hamsin tana kiwon kaji, ba ta taɓa sanin haka Ubangiji yake aikinsa a ɓoye ba. Daren nan sai da ta ga ƙwai 40 ɗaya bayan ɗaya, ita ce ma mai cewa wannan babu komai, cire shi.

Kuma daidai take faɗa. Wanda haske ya ratsa shi tas babu jijiya, zakara bai taka uwarsa ba. Wanda kika ga jan zobe ya zagaye cikinsa, ya fara ya mutu. Duka biyun a fitar da su kafin su zama irin baragurbina. Nakan sake haskawa a kwana na 14 da na 18. Ina kuma lura da gurbin iskar da ke gindin ƙwan, har ina zagaye shi da fensir. Kullum ƙara faɗi yake yi yayin da ruwan ƙwan ke raguwa, a nan tsakon zai fara shaƙar iska kafin ya fasa ɓawo. In gurbin ya yi girma da wuri, bushewa ta yi yawa. In ya ƙi girma, danshi ya yi yawa. Wannan alamar ta fi min lambar da ke kan allo gaskiya.

Allon kam yana ƙarya, wannan laifin injin ne kai tsaye. Ƙwan kaza yana son digiri 37.5 zuwa 37.8 a inji mai fanka. Allona yana nuna 37.8, amma tsakin zubi na biyu ba su fara fitowa ba sai a kwana na 22, wasu 23. Jinkiri alamar ƙarancin zafi ne, fitowa da wuri kuma alamar ya yi yawa. Na sayi ma'aunin zafin jiki guda biyu a kemis, na ajiye su daidai tsayin ƙwan, suka nuna min 37.0. Akwai hanyar gyara lambar ta maɓallan da ke jikin allon, amma takardar da ta zo da injin, rabi rubutun Sin ne, rabi kuma wani Turanci da ko malamin Turancin makarantarmu ya juya ya juya ya miƙo min abata. A YouTube ƙanina ya gano yadda ake yi. Na kuma gane cewa kusurwoyi huɗun sun fi tsakiya sanyi, don haka duk bayan kwana uku ko huɗu nakan yi wa ƙwan musanyar wuri, na gefe su dawo ciki.

Zubi na biyun nan a tsakiyar hunturu ya faɗo, shi ne kuma ya sa ni kuka. Ana son danshi ya tsaya tsakanin kashi 50 da 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko, sannan a ɗaga shi zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe. Wanda ya ƙera kwararon ruwan nan bai taɓa ganin iskar Janairu a ƙasar Hausa ba, iskar da ke tsaga leɓe da dunduniya. In cika shi da safe, kafin la'asar ya ƙafe, allo yana nuna 28, 30. Ga kuma nawa gangancin: da tsaki suka fara huda ɓawo, duk wanda ya shigo gida sai na buɗe murfi na nuna masa. Kowace buɗewa danshin ciki ya fice, busasshiyar iska ta shiga. Tantanin da ke cikin ɓawon ya bushe ya manne a jikin tsakin kamar leda, suka kasa juyawa. Na samu 19. Da na fasa ragowar a bayan gida, 12 a cikinsu cikakkun tsaki ne da gashinsu da faratansu, wasu bakinsu na waje ta 'yar hudar da suka yi. Na tona rami na rufe su, ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Maganin ashe ba shi da tsada. Faɗin fuskar ruwa ke kawo danshi, ba zurfinsa ba. Na yanka sabon soson wanke-wanke gida huɗu, na jiƙa da ruwan ɗumi, na sa a murafen kwalba a kusurwoyin injin. Ruwan ƙari kuma ta 'yar ƙofar da ke gefe nake ɗura shi da sirinji, ba na ɗaga murfi.

Hunturu bai tsaya nan ba, ya taɓa batir. Muna da farantin sola da batir ɗaya da muke kunna ƙwan fitila da cajin waya. An rubuta wat 80 a jikin injin. Da rana ba ya jan wuta sosai, yana kamawa yana saki, amma a daren sanyi wayar zafin ba ta hutawa. Wajen ƙarfe uku na dare batir ya yi ƙasa, injin ya kama ƙara, tit-tit-tit, ƙarar da ba a iya rage mata murya. Maigida ya juya ya ce, "Wai kazar nan taki ba ta san dare ba ne?" Ga hazo yana tare rana, ga ƙura tana rufe farantin, sai an goge shi kullum. Dole na ƙara batir na biyu, kuma ya fi injin kansa tsada. Duk mai lissafin saye ta sa wannan a ciki, mai shago ba zai tuna miki ba. Kada kuma ki yar da farin soson nan da ake tallafe kayan lantarki da shi a cikin kwali. Ni na ba yara suka yi mota da shi, daga baya na dawo ina lulluɓe injin da bargo, ina barin ƙofofin iska a buɗe, domin ƙwai ma numfashi yake. In wuta ta yanke gaba ɗaya, kada ki buɗe, ki rufe shi da bargo ki jingina masa gorunan ruwan ɗumi. Ƙwai yana jure sanyin 'yan awoyi, sai dai ya yi jinkirin fitowa.

Zubi na uku, a Fabrairu, shi ne na fara cin moriya. Kwana na 18 na cire sandunan juyi, na shimfiɗa tsohon tawul a kan ragar don kada santsi ya raba ƙafafun tsaki, na cika ruwa, na rufe, na kafa doka: duk wanda ya taɓa murfin nan ni da shi ne. Daren kwana na 20 ina gyara shimfiɗa na ji wani siririn kuka, tsiyau-tsiyau. Na haska, babu ƙwan da ya fashe. Daga cikin ɓawon yake kukan. Da asuba na ga ɗaya ya yi 'yar huda kamar an soka tsinke, ɓawon ya ɗan tashi. Daga nan kuma shiru. Na tafi makaranta na dawo, yana nan yadda yake, sai bakin da ke ɗan motsi. 'Yata ta ce, "Umma, ki taimaka masa mana, ya gaji." Hannuna har ƙaiƙayi yake, amma na hana kaina. A wannan zaman da yake yi, wanda kan kai awa 12 zuwa 24, yana janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa ne, jijiyoyin jinin da ke jikin tantanin suna ƙafewa. In kika ɓare shi da wuri jini zai zuba ya mutu a hannunki. Bayan magariba sai ya fara aiki, yana sara yana juyawa, yana sara yana juyawa, har ya zagaye gindin ƙwan kamar an yanka da reza. Ya yi wata miƙa, hular ɓawon ta buɗe, ya faɗo jiƙe sharkaf, mummuna, ya kwanta kamar matacce. Yara suka ce ya mutu. Kafin mu gama tuwo ya tashi yana tangaɗi yana tattaka 'yan'uwansa. Ban fitar da kowa ba sai da suka bushe suka yi laushi kamar auduga. Yini guda ba ci ba sha ba ya cutar da su, gwaiduwar nan ce guzurinsu. A cikin 48 na samu 37.

Nasarar ce ta ruɗe ni na zuba 50 a watan Afrilu, na ci karo da babban aibin injin nan, wanda ban ji mai sayarwa ko ɗaya yana faɗa ba. Ɗumamawa kaɗai ya iya, bai iya sanyayawa ba. Ɗakina rufin kwano ne, da azahar a bazara zafin cikinsa yana haura digiri 40. Injin ya kashe wayar zafinsa, amma me zai yi da iskar da fankarsa ke jawowa, wadda ta riga ta fi abin da ƙwai ke so? Ga shi daga mako na biyu tsakin da ke cikin ƙwan su ma suna fitar da nasu zafin. Ina aji hankalina na gida. In dawo in tarar da allo a 39.8, wata rana 40.4, yana ta ƙara babu mai jin yarensa. Sanyi jinkiri yake kawowa, zafi kuwa kisa yake yi. Tara suka fito, tun a kwana na 19 da 20, uku da lanƙwasassun yatsu, biyu cibiyarsu ba ta rufe ba.

A watan nan dai wata baƙar kazar Inna ta yi gurbi a ƙarƙashin gadonta, a ɗakin ƙasa mai rufin azara. Ƙwai 12 ta kwanta a kai, ta fito da goma. Inna ta ce, "Ke ba ki lura ba? In rana ta take, ɗaga jikinta take yi ta tsaya a kansu. Taki ta robar tana da ƙafar tsayawa?" Ban da amsa. Yanzu injin ya koma ɗakin Inna, a ƙasa, nesa da taga. Duk da haka daga tsakiyar Maris har ruwan farko ya sauka hutu nake ba shi, in wanke shi in mayar kwali.

Inda ya biya kuɗinsa shi ne damina, kuma da ƙwan zabi. Kowa ya san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, shi ya sa tun kaka da kakanni ake sa wa kaza ƙwanta. To abin da kaji huɗu ko biyar za su kwanta a kai, injin ya ɗauke shi a zubi ɗaya. Na yi magana da wata Bafulatana da ke kawo mana nono, na ce ƙwan zabi na kwana biyu zuwa biyar kawai nake so, zan ƙara mata a kan farashin kasuwa. Ta cika alkawari. Ƙwan zabi kwana 26 zuwa 28 yake yi, na tsayar da juyi a na 25. Ƙanana ne masu tsini, sai da na matso da sandunan kusa da juna don kada su zurma, ɓawonsu kuma kauri gare shi, haskawa sai an ƙura ido. A watan Agusta iska da kanta a jiƙe take, har akwai kwanakin da ban zuba ruwa ko ɗigo ba allo yana nuna 60. A cikin 64 na samu 43. Waɗanda suka rayu na kai wasu kasuwar Gujungu, kuɗinsu ne ya rufe ramin batir. Zubi na shida na kaji ne, bayan ɗaukewar ruwa, 45 a cikin 56.

A wata na tara ɗan injin da ke juya sandunan ya mutu ana tsakiyar zubi. Na kira shagon, aka ce in kawo shi Kano a duba, da ƙwai a ciki. Sai na koma juyi da hannu sau biyar a yini, na yi wa kowane ƙwai alama a gefe biyu don kada in rikice. Ana son adadin ya zama mara, uku ko biyar, don kada ƙwai ya riƙa kwana a gefe ɗaya kullum. In ba a juya ba tsakon mannewa yake yi a jikin ɓawo. Daga baya ƙanina ya samo wani a Kano, wani mai gyaran fanka a Ringim ya ɗaura min. Bakin nan irin na kada da ke kama batir ma ya saki tun a wata na uku, sai da aka sauya. Bayan kowace ƙyanƙyasa kuma gashin tsaki yakan cika fankar, sai na bi da tsohon buroshin haƙori, in wanke ƙasan da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in shanya a rana.

Sai abin da ya fi duka cin rai, wanda ba a rubuta a kwali ba: inji yana ƙyanƙyashewa, ba ya reno. Ranar da tsaki 40 suka fito, ke ce uwarsu. Na zagaye wani lungu da kwali, na zuba ɓuntun shinkafa, na sa kaskon gawayi a tsakiya na kife shi da tsohon kwano mai huji. Gawayin sai ya ruru ya daina hayaƙi a waje kafin a shigo da shi, kuma a bar ƙofar iska, in ba haka ba da safe gawa za ki kwasa. Makon farko suna son zafi wajen digiri 33 zuwa 35, a riƙa ragewa kamar uku duk mako. Ba na ma duba ma'auni yanzu: in sun dunƙule a jikin kasko sanyi suke ji, in sun gudu bango suna haki zafi ya yi yawa. Ruwan sha a murfi mara zurfi da tsakuwoyi a ciki don kada su faɗa, in tsoma bakin biyu ko uku, sauran su kwaikwaya. 'Ya'yan zabi sun fi laulayi, jiƙewa kaɗan ta kashe su, amma in suka samu gara sai ki ga sun miƙe. Rigakafi kuma ba wasa, akwai wanda ake kira Lasota saboda annobar nan da ke share akurki lokacin hunturu, da na cutar Gumboro. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana cikin masu yin su. Kwalba ɗaya ta kaji ɗari ce ko fiye, sai a cikin ƙanƙara ake kawo ta, in an haɗa kuma ba ta jira, don haka mukan sa rana ɗaya da maƙwabta a yi wa na kowa.

Wata dabara Inna ce ta koya min. In akwai kazar da ta daɗe tana kwanci, sai a bari dare ya yi, a zare ƙwan da ke ƙarƙashinta a tura mata tsakin inji 'yan kwana ɗaya. Da safe ta tashi tana ƙoƙ-ƙoƙ da su kamar ita ta ƙyanƙyashe. Ba kowace ke karɓa ba, wata ta sassare min biyu, amma wadda ta karɓa ta hutar da ni gawayi da tashin dare.

Masu tambayata ko su saya, ga abin da nake ce musu. In kina da sola da batir da zai kai ki asuba, kina da zakara da kaji ko maƙwabtan da za ku haɗa ƙwai, kina da ɗakin ƙasa mai sanyi, kuma akwai wanda zai leƙa injin in ba kya nan, ki saya, zai yi miki aiki wata takwas ko tara a shekara. Ki haɗa da ma'aunin zafi na kemis tun ranar farko, ki kunna shi yini guda babu ƙwai ki gwada gaskiyar allonsa. In kuwa kajinki uku ne ko huɗu, kuma wutar gari kika dogara da ita, ki bar kuɗinki, ki gyara akurki ki yi wa kajin rigakafi. A ƙidayar kashi cikin ɗari, har yau ban taɓa kamo baƙar kazar Inna ba. Yawa ne kawai na fi ta.

Zubi na bakwai yau kwanansa 12. Takwas daga ciki alamar Inna ce a jikinsu. Da kanta ta kawo su a ƙwarya, a binne cikin ƙaiƙayi, ta tsaya har na jera. Ta ce, "A tsakiya za ki sa min, ba a gefen nan mai sanyi ba." Na ce, "To, Inna." Da na tambaye ta ina sauran, don na san sha huɗu ta tara, sai ta ce shida suna ƙarƙashin baƙar, ba a zuba wa roba duka ba.